Sistar da ta zauna da limaman Gobir

Wanda ya tsallaka iyaka daga Illela ya shiga Ƙonni, ya ɗauki titin gabas, zai wuce Galmi da Madawa da Gidan Rumji kafin ya iso Tibiri, fadar Sarkin Gobir, dab da Maradi. A nan wata mata daga ƙasar Sanagal, Sista Marie-Catherine Kingbo ta Cocin Katolika, ta ƙarar da shekarunta na ƙarshe tana hidima.

Ba neman suna ya kawo ta ba, don ta riga ta yi shi a gida. An haife ta a 1953. Ta shiga ƙungiyar sistoci ta Filles du Saint-Cœur de Marie, wadda aka kafa a Sanagal tun 1858, kuma daga 1988 zuwa 2000 ita ce shugabarta baki ɗaya. Da ta sauka sai ta tafi Paris ƙaro ilimi. Cikin abin da ta karanta har da addinin Musulunci, kuma can ne zuciyarta ta raya mata ta je ta zauna cikin Musulmi. Mace ta haura hamsin, ta riƙe babbar kujera, ga hutu yana jiranta a Dakar, amma ta zaɓi ƙauyukan Maradi, inda Kiristoci ba su taka kara sun karya ba.

Ta iso Nijar a 2006, ƙasar ba ta gama farfaɗowa daga yunwar 2005 ba. Bishop ɗin Maradi, Ambroise Ouédraogo, mutumin Burkina Faso, ya karɓe ta, ta kafa sabuwar ƙungiya mai suna Fraternité des Servantes du Christ. A ƙauyen Ɗan Bako suka buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa. Duk wanda ya taɓa leƙa irin wannan wuri ya san yadda safiyarsa take: iyaye mata a jere bisa tabarma da goyo, a ɗora yaro a sikeli, a zagaya damtsensa da ɗan tef mai launi uku. In ya tsaya a kore, uwa ta yi ajiyar zuciya. In ya faɗa ja, aiki ya samu. Bayan wannan sai makaranta a Tibiri da wurin kwanan 'yan mata, sai ƙananan rance ga matan karkara, irin jarin da mace za ta juya ta daina jiran sai an ba ta.

Amma abin da ya sa na ga labarinta ya cancanci a ba da shi shi ne yadda ta tunkari auren wuri. A Nijar, cikin 'yan mata huɗu, uku ana aurar da su kafin su cika 18. Ƙungiyoyi nawa suka zo da motoci da alluna, suka yi taro a otal, suka koma, ba abin da ya motsa? Ita kuwa ta san cewa da ɗan gari akan ci gari. Ta gayyaci masu gari da limamai, su da bakinsu ake ji ranar ɗaurin aure, ta zaunar da su. Ba ta ja su da gardamar addini ba. Ta sa a gabansu abin da kowa ya sani amma ake jin nauyin faɗa: yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba, ta kwana biyu tana naƙuda, ɗan ya zo babu rai, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari, miji ya sake ta, ta koma gidan iyaye ana toshe hanci in ta wuce. Ka duba fa: mace, baƙuwa, Kirista, ba ta taɓa aure ba, ga ta tana wannan magana da dattawa masu rawani. Kuma suka saurara, suka riƙa dawowa, har taron ya game ƙauyuka fiye da ɗari. Mai ba ɗanka kunu a lokacin yunwa, da wuya ka ƙi jin ta bakinsa.

Ba kullum aka kwana lafiya ba. A Janairun 2015, bayan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, an ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai, an rasa rayuka, Kiristocin ƙasar suka shiga zullumi. Ba ta tattara kayanta ba.

Ta rasu a watan Mayu na 2021. Auren wuri bai ƙare a Gobir ba, tamowa ma haka, ko a can ko a wannan ɓangaren iyaka. Masu shirya taron wayar da kai a Illela da Gwadabawa da Sakkwato, kafin ku kama ɗakin taro, ku fara sallama a zauren liman da na mai gari.