Kasuwar da mutanen Arewa ba su ci

 Shirinmu na musamman na yau zai kai mu wata kasuwa da Nijar ke da rumfa a cikinta, amma da wuya a sami wanda ya taɓa cin ta a garuruwanmu na Arewa, irin su Lugu, Bagaji, Matankari, Dogon Dutsi da Tibiri.

Sunanta BRVM, kasuwar hannun jari ta ƙasashe 8 masu kashe kuɗin sefa a yammacin Afirka: Benin, Burkina Faso, Kwadebuwa, Gine Bisau, Mali, Nijar, Sanagal da Togo. An kafa kamfanin da ke tafiyar da ita a Kwatano cikin Disamba 1996, aka fara ciniki ranar 16 ga Satumba 1998. Cibiyarta tana Abijan, kowace ƙasa kuma da reshenta. Namu yana Yamai.

Me ake sayarwa a can? Kamfani ne ke kasa mallakarsa kashi-kashi ya kawo kasuwa. Wanda ya saya ya zama yana da hannu a ciki: in an ci riba a raba da shi, in kamfani ya durƙushe darajar kasonsa ta bi shi. Kuma ba a shiga kai tsaye. Yadda mai rago ke miƙa wa dillali igiya ya koma gefe yana jiran a sallama, haka mai saye ke buɗe asusu wurin kamfanin dillanci mai lasisi, irin SGI Niger da ke Yamai, shi ya shigar da buƙatarsa ta kwamfuta ya cire la'adarsa. Hukumar AMF-UMOA ce ke sa ido, kuma ƙa'ida ta hana farashi ya hau ko ya sauka fiye da kashi 7,5 cikin 100 a yini guda.

To ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kamfanoni sama da 40 ne a wannan kasuwa, galibinsu na Kwadebuwa, ga kuma Sonatel na Sanagal cikin manya. Na Nijar ɗaya ne tak, bankin BOA Niger, wanda ya shiga a 2003. Gwamnatinmu takan je ta sayar da takardun bashi, amma manyan ƴan kasuwarmu sun tsaya nesa, don shiga na nufin buɗe littafin lissafi duk shekara kowa ya duba, abin da kamfanin gado bai saba da shi ba.

Kada a ce Arewa ba ta san ajiya ba. In kaka ta yi, aka sayar da wake da gyaɗa, rarar takan koma tunkiya a turke, ko ɗan maraƙi, ko zubin adashin mata. Tunkiya ana ganin ta safe da yamma. Hannun jari kuwa takarda ce da Faransanci, ofishinta na can fiye da kilomita 250 daga Dogon Dutsi. Wa zai ga laifin manomi?

Akwai kuma batun kuɗin ruwa, kuma ban ɗauke shi ƙaramin abu ba. Tunda kamfaninmu guda banki ne, da yawa za su so jin ta bakin malamai tukun. Kasuwar ta san da wannan damuwa: a 2016 ta shigar da takardun sukuk na Sanagal, Kwadebuwa da Togo, waɗanda aka tsara bisa ƙa'idar Musulunci. Mutum nawa suka ji wannan labari da Hausa?

Kiranmu ga reshen Yamai da dillalai shi ne su fito, su zo gidajen rediyon karkara da ƙungiyoyin manoma da na mata, su yi bayani da harshen da ake ciniki da shi. Kai kuma mai sauraro, kada ka taɓa kuɗin hatsin gidanka don wannan harka. Duk wanda ya kira ka ta waya da sunan hannun jari, ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata guda, tambaye shi lasisinsa na AMF-UMOA kafin ka ba shi ko dala.