Madafin Tsohuwa: Gyaran Da Ake Mantawa Da Shi A Karaye Da Rogo

Daga Wakilinmu

A ƙasar Karaye da Rogo, kamar sauran ƙasar Hausa, idan Allah ya yi wa magidanci buɗi bayan kaka, fuskar gida ya kan fara gyarawa. A shafe katanga da siminti, a sa ƙyauren ƙarfe, a sauke jinka a ɗora kwano. Wuri guda ne kuɗin ba ya kaiwa, watau madafi. Duwatsun murhu uku suna nan a ƙasa inda aka girke su tun makon da aka kawo amarya, alhali kuwa amaryar nan yau ta ba shekara sittin baya, gwiwa ta ƙi, gani ya ragu.

Wani zai ce ai tsohuwa ta gama da girki, tana da surukai da jikoki. A wasu gidaje haka ne. Amma samari suna tafiya Kano da Kaduna da Abuja neman abinci, wasu har su ɗauke matansu, yara kuma suna makaranta da hantsi. Ban da wannan, da yawa daga cikin masu ƙosai da waina da ƙuli-ƙuli da daddawa a garuruwa irin su Zarewa da Fulatan da Yammedi da Kurugu mata ne masu manyan shekaru. Daga bakin kaskon nan suke samun na sabulu da na goro, da zubin adashi, da gudummawar biki. Wanda ya hana tsohuwa wuta da sunan tausayi ya raba ta da sana'arta ne, ya mai da ita mai jiran a ba ta.

Ƙananan hukumomin nan biyu, waɗanda tun 2024 su ne ke ƙarƙashin Masarautar Karaye, ƙasar noma ce. Ƙidayar 2006 ta ba Karaye mutum fiye da 140,000, Rogo kuma fiye da 220,000. Akwai masara da dawa da rake da shinkafa, ga madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala cikin 1992. Saboda haka abin hura wuta yana nan kusa da hannu: itace da kara da totuwar masara. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 tsadar rayuwa ta sa har wasu masu tukunyar gas sun koma itace da gawayi. Duk shawarar da za a ba mutanen wannan yanki, in ana so ta yi amfani, dole ta fara daga murhun da ke gabansu.

TSUGUNO DA MIƘEWA

Mai karatu ya lissafa da kansa sau nawa mace ke sunkuyawa kafin tuwo ya nuna. Ta duƙa ta hura wuta, ta iza itace, ta yi talge, ta dawo ta tuƙa, ta rufe ya sulala, sa'an nan ta kwashe. Duk wannan a kan kujera 'yar tsugunne wadda tsayinta bai wuce taƙi ɗaya ba. Budurwa ba ta san ta yi ba. Tsohuwa kuwa, lokacin miƙewa shi ne lokacin haɗari, domin jini ya kan yi jinkirin kaiwa kai, musamman ga mai shan maganin hawan jini, sai jiri ya ɗebe ta. Hannu kuma ya kan kai wa abin da ya fi kusa, a madafi kuwa abin da ya fi kusa shi ne tukunya mai tafasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum wajen 684,000 a kowace shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki. Karayar ƙugu ga tsohuwa ba kamar ta yaro ba ce, sau da yawa daga ita sai kwanciya.

Maganin ba ya bukatar injiniya. Maginin ƙasa na unguwa ya iya gina dakali, a ɗora murhu a kansa, a kewaye duwatsun da yumɓu a bar ƙofa ɗaya ta itace. Ba a yanke tsayin dakalin da ka. A zaunar da mai madafin a kan kujera mai tsayi, wadda in ta zauna tafin ƙafarta yana ƙasa kuma gwiwa ba ta fi ƙugu bisa ba, a ba ta muciya, a auna inda bakin tukunya zai tsaya ba tare da ta ɗaga kafaɗa ba. In ya yi tsayi da yawa ba za ta sami ƙarfin tuƙi ba, za ta koma ƙasa, an yi aikin banza ke nan. A gefen hannun da ta fi ƙarfi a kafa turke mai ƙwari wanda za ta dafa ta tashi.

Murhun da aka kewaye yana da wata riba. Tukunya ba ta girgiza lokacin tuƙi, harshen wuta ba ya lasar zane, itace kuma yana daɗewa. A Jamhuriyar Nijar tun shekarun 1980 aka yaɗa murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi saboda wannan dalili. A Kano ma ƙungiyar atmosfair ta ƙasar Jamus ta kafa masana'antar murhun Save80, wanda masu shi ke cewa yana rage cin itace da kashi 80 cikin 100. Sai dai na saye sai da kuɗi, na yumɓu kuwa ƙasa ce da ruwa da yini guda.

Babbar tukunya kuma kada tsohuwa ta sauke ta. A janye itacen, a kwashe tuwon tana bisa murhu.

HAYAƘI

Baƙin da ya lulluɓe rufin madafi, irinsa ne ke shiga ƙirjin mai girki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a 2020, ta hanyar ciwon zuciya da shanyewar jiki da ciwon huhu. Ta kuma danganta shi da yanar ido. Abin takaici shi ne an ɗauki tarin tsohuwa da hawayen idonta tamkar wani ɓangare na tsufa, ba wanda ya kan tambayi shekara nawa ta yi tana shaƙa.

A fasa taga biyu, ɗaya can sama kusa da rufi inda hayaƙi ke taruwa, ɗaya a bangon da ke fuskantarta. A yi amfani da busasshen itace, a bar hura wuta da leda. Da sanyin hunturu kuma a kiyayi shigar da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa, gama gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ta kan sa mutum barcin da ba ya tashi.

Wadda 'ya'yanta suka saya wa tukunyar gas ta huta da hayaƙi, amma a tuna jin wari yana raguwa da shekaru, gas kuma ya fi iska nauyi, ƙasa ya kan kwanta. A ajiye tukunyar inda iska ke ratsawa, a riƙa shafa ruwan sabulu a kan tiyo da mahaɗinsa, in ya yi kumfa akwai yoyo.

GISHIRI DA ABIN DA YA YI KAMA DA SHI

Cikin watan Agusta 2021, a ƙauyen Danzanke na Ƙaramar Hukumar Isa ta Jihar Sakkwato, mutum 24 'yan gida ɗaya suka rasu bayan an zuba gishirin lalle a abinci a zaton gishirin miya ne. A ƙasar manoma irin Karaye da Rogo, inda taki da maganin feshi da fiya-fiya ke kwana a gida, wannan labari ya isa gargaɗi. Duk abin da ba na ci ba ne a fitar da shi daga madafi ɗungurungum. Kananzir kada a zuba shi a robar ruwan sha. Gishiri da kanwa da sukari kowanne a ba shi mazubin da siffarsa ta bambanta, yadda hannu zai gane shi ko ido bai gani ba. Fitila mai aiki da hasken rana, a rataye ta daidai saman murhu, ta fi tocilan da ake riƙewa da haƙori.

Kayan da ake taɓawa kullum, ludayi da mara da muciya da rariya, su zauna tsakanin gwiwa da kafaɗa, a kan kanta ko a ragaya. Wanda ke ƙasa yana sa sunkuyo, wanda ke can sama yana sa hawa turmi. Jarka mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, aikin jikoki ce. Su cika randa, ita ta ɗiba da moɗa. A cike ramukan daɓe, a gyara makwarara, domin da damina gansakuka a bakin madafi ta fi komai santsi. Randa cikin randa da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da ta ci wa marigayi Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa lambar Rolex a 2000, tana riƙe tumatir da alayyafo kwanaki ba tare da lantarki ba.

In ƙuna ta auku, ruwa mai sanyi mai tsabta za a yi ta zubawa har minti 20, ba ƙwai ba, ba gishiri ba, ba man goge baki ba, sa'an nan a nufi asibiti. Mai ciwon sukari ta riƙa sa takalmi a madafi, don ƙafarta na iya taka garwashi ba ta ji ba. Dogon hijabi na roba kuwa a rataye shi a ƙofa, irin wannan yadi in ya kama wuta narkewa yake ya manne da fata.

Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar girki mai tsabta cikin 2024, akwai kuma Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa da ta fara aiki a 2021. Kafin aikinsu ya iso lungunan Zoza da Turawa, malaman lafiya na ƙananan asibitoci da masu unguwanni suna iya ɗaukar zancen, kamar yadda suke ɗaukar na rigakafi.

Sai dai a yi hattara da 'ya'ya masu zumuɗi, waɗanda za su zo hutun Salla su juya madafin uwarsu tana gidan suna. Macen da ganinta ya ragu da sabo take samun kayanta. Ta san gishiri yana dama, daddawa tana hagu, shekara arba'in ke nan. In aka sauya musu wuri ba da saninta ba, an ƙara mata haɗari ne. A yi gyaran tana zaune tana nunawa, a kuma yi shi da rani, dakalin ya sami kwanakin bushewa kafin a ɗora masa tukunya.