MARAS LAFIYA MA YANA DA TA CEWA A ASIBITI

Ciwo a baƙon wuri ciwo biyu ne. Ɗan Arewa da ya kwanta asibiti a Ikko ko Badun sau da yawa ba ya jin harshen likita, iyali kuwa suna can gida. Sai a miƙo takarda a ce ya sa hannu, ya dangwala bai san abin da ke ciki ba, gama a ganinsa tambaya rashin kunya ce.

To, gwamnatin tarayya ta daɗe da yanke hukunci a kan wannan. Ran 31 ga watan Yuli, 2018, Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da Takardar 'Yancin Marasa Lafiya a Abuja. Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ce ta shirya ta tare da Ma'aikatar Lafiya. Manufarta ita ce a riƙa tafiyar da aikin asibiti bisa bukatar maras lafiya da iyalinsa.

Takardar ta jera haƙƙoƙi goma sha biyu. Na farko shi ne a yi wa mutum bayanin ciwonsa da maganin da za a ba shi cikin harshen da yake ji. Watau mai sayar da goro a Agege, ko mahauci a Sabon Shagamu, yana da ikon cewa bai gane ba, a sake masa bayani. Har wa yau yana da ikon ganin takardunsa na asibiti, a kuma fayyace masa kuɗin da aka yanka masa dalla-dalla. Dole a rufa masa asiri, a mutunta shi ba tare da duban ƙabila ko addini ba. 'Yan'uwa kuma suna da damar zuwa dubiya bisa ƙa'idar asibitin.

Wani ɓangare na abin da ke cikin takardar yana da tushe a Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014. Sashi na 20 ya hana a ƙi karɓar wanda aka kawo rai a hannun Allah, ko da wane dalili. Wanda ya saɓa, ana iya cinsa tarar Naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. A 2017 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta ce a yi wa wanda aka harba magani nan take, ba sai an jira takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba.

Amma fa doka a Abuja aka rubuta ta, ciwo kuwa a unguwa yake kama mutum. Haƙƙin da mai shi bai san da shi ba, ba wanda zai miƙo masa. Nan ne aikin Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa yake: su sanar da jama'arsu, su kuma ware samari masu jin Turanci da Yarbanci su riƙa raka marasa lafiya asibiti. Mai jinya kuma ya daure ya tambayi sunan ciwon, da sunan maganin, da kuɗinsa, ya karɓi rasit. In an ci zarafin maras lafiya, doka ta ba shi ikon kai ƙara ga shugabannin asibitin, kuma wajibi ne a bincika.

Matambayi dai ba ya ɓata. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti.