Yadda A Kan Gwada Jin Fata

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in bayyana muku wani gwaji mai sauƙi wanda ya kamata kowane malamin makaranta ya iya. Ba ya bukatar kome sai ɗan ƙullin auduga da tsinke biyu.

Da fari sai mu san yadda fata ke ji. A cikinta akwai waɗansu 'yan zaruruwa farare, su ne jijiyoyin ji, dabam suke da jijiyoyin jini. Aikinsu kamar na wayar tangaraho ne, watau su ɗauki labarin taɓawa, ko zafi, ko sanyi, ko ciwo, su kai ga lakar da ke cikin ƙashin baya, daga nan ya wuce ƙwaƙwalwa. Manyan jijiyoyi 31 ke fita daga lakar nan ta dama, 31 kuma ta hagu, kowace da yankin fatar da ta ke lura da shi. Shi ya sa in ka buge gwiwar hannu, sai ka ji zirr a ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi, gama jijiyarsu ta nan ta bi.

Ba ko'ina jijiyoyin suka yi yawa daidai ba. Wani Bajamushe, Ernst Weber, ya nuna haka a 1834. Ka sa abokinka ya rufe ido, ka taɓa shi da tsinke biyu a lokaci guda. A kan yatsa zai ce biyu ne, ko da tsakaninsu milimita 3 ne kaɗai. A gadon baya kuwa, sai ka raba su wajen santimita 4 kafin ya daina cewa ɗaya ne.

To, ga inda abin ya shafe mu. Ƙwayar cutar kuturta, wadda Likita Hansen ya gano a ƙasar Norwe a 1873, jijiyoyin nan ta ke kamawa. Sau da yawa alamarta ta fari ɗan tabo ne mai haske a fata, wanda a kan ɗauka ƙyasfi ne. Amma wurin ƙyasfi yana ji, na kuturta kuwa jinsa ya kan ragu ko ya mutu.

In ka ga irin tabon nan a jikin yaro, kira shi gefe, kada ka kunyata shi gaban 'yan aji. Ka taɓa lafiyayyar fatarsa da auduga yana kallo, ya nuna wurin da yatsa. Sa'an nan ya rufe ido, ka riƙa taɓa tabon da kewayensa. In ya kasa nuna lokacin da ka taɓa tabon, sai ka gaya wa iyayensa su kai shi asibiti. Yanke magana aikin likita ne.

Kada a yi jinkiri. Hannun da ba ya ji, wuta za ta ƙone shi, ƙaya ta soke shi, mai shi bai sani ba, har gyambo ya ci yatsun. Cutar tana warkewa da maganin wata 6 ko 12, kyauta kuma a ke ba da shi, amma jijiyar da ta riga ta mutu da wuya ta komo.

Allah ya ba mu ikon lura da yaran da za a danƙa mana, amin.