Ɗan Hakin Da Ka Raina: Ƙwaron Da Ya Gagari Manoman Kanola A Ingila

A shekarar 2012 manoman Biritaniya sun noma wani tsiro mai ba da man girki, wanda ake kira kanola, a fili fiye da hekta 750,000, ga shi kuwa kowace hekta ta kai kusan eka biyu da rabi. Amma a shekarar 2024 filin da aka noma bai kai hekta 300,000 ba. Watau cikin shekara goma sha biyu kacal fiye da rabin gonakin sun tafi. Akwai laifin yanayi da na farashi a cikin wannan koma-baya, amma idan aka tambayi manoman kansu, abin da za su fara ambata shi ne wani ɗan ƙwaro wanda tsawonsa bai wuce milimita biyar ba.

Shi dai kanola dangin kabeji ne. A Ingila ana shuka shi cikin Agusta zuwa farkon Satumba, ya sha sanyin hunturu a gona, ya yi fure rawaya cikin Afrilu da Mayu, sa'an nan a girbe shi wajen watan Yuli. 'Ya'yansa ƙanana ne baƙaƙe, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsu mai ne. In an matse man, tunkuzar ta zama abincin dabbobi. Nomansa ya bunƙasa ne bayan Biritaniya ta shiga Kasuwar Tarayyar Turai a 1973, sa'ad da tallafin da ake ba masu noman tsire-tsiren mai ya sa ya zama abin riba. Bugu da ƙari, manomin alkama yana bukatarsa domin hutar da gona, gama in aka yi ta maimaita alkama a wuri guda, cututtuka da ciyawa sukan yi kaka-gida. Saboda haka asarar kanola ba ta tsaya a kan kanola kaɗai ba.

Yadda yake ɓarna

Ƙwaron nan baƙi ne mai sheƙi, yana da cinyoyin baya masu kauri, da an taɓa shi sai ya yi tsalle kamar ƙuma, abin da ya sa Turawa suka laƙaba masa sunanta ke nan. Mu dai bari mu kira shi ɗan-tsalle. Sau ɗaya yake hayayyafa a shekara, amma sau biyu yake cin gona.

Cin farko na manyan ne. Wajen ƙarshen Agusta zuwa Satumba sukan taso daga inda suka laɓe su sauka a sababbin gonaki, daidai lokacin da tsiron ya fid da kunnuwansa biyu na fari. Sai su huhhuda ganyen ya zama kamar rariya. In ƙasa ta bushe, tsiron bai samu damar girma da sauri ba, cikin 'yan kwanaki sai a wayi gari gona ta koma fili fetal, kamar ba a taɓa shuka ta ba.

Ci na biyu ya fi muni, domin a ɓoye ake yinsa. Macen takan zuba ƙwai a ƙasa kusa da gindin tsiro. In sun ƙyanƙyashe, tsutsotsin su hau su huda hannun ganye su shige, su yi ta ci daga ciki duk tsawon hunturu, har su kai ga kara. Manomi yana ganin gonarsa kore shar yana murna, sai lokacin miƙewar kara ya zo ya ga tsiron ya tsugune, ya yi rassa barkatai, furen bai fito tare ba. A lokacin kuwa ya riga ya kashe kuɗin iri da taki da maganin ciyawa. Masana sun ce in aka sami fiye da tsutsa biyar a tsiro guda, to, akwai hatsarin asara.

Tsakanin ƙwaro da zuma

Shekara da shekaru wannan ƙwaro bai dami kowa ba, domin ana sayar da iri ne a gauraye da wani magani mai suna niyonikotinoyid. Tsiron yakan tsotse maganin ya bi jikinsa, duk ƙwaron da ya ci ganye a makonnin farko sai ya mutu. To, amma maganin da ya bi jiki yakan kai har fure, furen kanola kuwa wurin kiwon ƙudan zuma ne. A watan Janairu na 2013 hukumar Tarayyar Turai mai kula da ingancin abinci ta ba da rahoto cewa iri uku na wannan magani suna da hatsari ga zuma. Daga ranar 1 ga Disamba, 2013, aka hana amfani da su a kan tsire-tsire masu furen da zuma ke so, a 2018 kuma aka faɗaɗa hanin ya game duk shukar da ke fili. Gwamnatin Biritaniya ta ƙi goyon bayan hanin farko, amma a 2017 ta sauya ra'ayi, har ma ta ci gaba da shi bayan ta fita daga Tarayyar.

Ba a yi hanin a banza ba. Wani babban gwaji da aka yi a gonakin Biritaniya da Jamus da Hangari, aka buga sakamakonsa a 2017, ya nuna an cutar da zuma a Biritaniya da Hangari, ko da yake ba a ga haka a Jamus ba. Sai dai manomi shi aka bari tsakiya, gaba kura baya sayaki. Shukar 2014 ita ce ta farko ba tare da maganin ba, kuma gundumomin gabas da na kudu maso gabas suka fi jin jiki. A 2015 ƙungiyar manoma ta ƙasa ta samo izinin gaggawa na yin amfani da maganin a kashi 5 cikin 100 na gonakin kanola na Ingila, a gundumomi huɗu, watau Safok da Kambirij da Bedford da Hatford. Da ta sake nema a 2016 da 2017 sai aka hana ta.

An gudu ba a tsira ba

Da aka rufe wannan ƙofa, sai manoma suka koma ga feshi da wani magani da ake kira firetiroyid. Abin mamaki, a tashar binciken aikin gona ta Rotamsted, wadda aka kafa tun 1843, a nan ne Michael Elliott da abokan aikinsa suka haɗa fitattun magungunan wannan dangi cikin shekarun 1970. A wannan tasha ɗin kuma aka tabbatar a 2014 cewa maganin ya fara daina cin ɗan-tsalle a Ingila, kamar yadda aka riga aka gani a arewacin Jamus tun 2008.

Dalilin ba boyayye ba ne. A cikin dubban ƙwari, akan sami 'yan kaɗan waɗanda halittarsu ta sa magani ba ya kashe su. In an yi feshi, sauran su mutu, waɗannan su tsira su hayayyafa, 'ya'yansu su gaji taurin. Manomi ya ga feshin farko bai yi ba, ya ƙara na biyu da na uku, kowane feshi kuwa tankaɗe ne da ke ware masu taurin ya bar musu gona. Har ila yau feshin yana kashe gizo-gizo da ƙwarin ƙasa masu cin ƙwan ɗan-tsalle, da wani ɗan mitsitsin dangin zanzaro wanda ke saka ƙwansa a jikinsa ya kashe shi. Tsutsar da ta riga ta shige cikin kara kuwa, feshi ba ya isa gare ta sosai.

Komawa ga dabarun noma

Da magani ya ƙare, sai aka koma ga lura. Wasu manoma suna shuka da wuri, a farkon Agusta, domin tsiron ya yi ƙarfi kafin ƙwarin su sauka, amma irin wannan gona ta fi tara tsutsa. Wasu kuma sukan jinkirta har tsakiyar Satumba bayan tashin ƙwarin ya lafa, amma sai tsiron ya shiga sanyi yana ƙarami. Abin da duka suka yarda da shi shi ne, kada a zuba iri a busasshiyar ƙasa don kawai kalanda ta ce lokaci ya yi.

Akwai masu barin tushiyar alkama da tsawo, su shuka a tsakaninta ba tare da huɗa ba, domin ta riƙe laima ta kuma ɓoye tsiron. Akwai masu haɗa kanola da wasu tsire-tsire, har da hulba, don su rikitar da ƙwaron, sanyi kuma ya kashe su daga baya. Akan bar gyauron da ya tsiro a gonar bara har ƙarshen Satumba ya zama tarko, ƙwarin su sauka a kansa su zuba ƙwai, sa'an nan a nome shi. Wasu ma sukan saki tumaki cikin gonar da ta yi ƙarfi a tsakiyar hunturu, su cinye ganyen tare da tsutsotsin da ke ciki. Wannan yana rage tsutsa ƙwarai, amma in an makara amfanin yakan ragu. Ana kuma ajiye tasoshi rawaya cike da ruwa a gona don a ƙirga ƙwarin da suka faɗa, a san ko feshi ya wajaba.

Babu ɗaya daga cikin dabarun nan da ta kai maganin da aka hana sauƙi, sai an haɗa uku ko huɗu, kuma wata shekarar ƙwaron ya lafa, wata ya dawo. Manoma da yawa sun haƙura da noman ɗungum. Ƙasar da a da take sayar da kanola waje ta koma sayowa daga ƙasashe irin su Yukiren da Ostireliya, abin da ya sa manoman ke ƙorafi cewa an hana su magani, amma ana shigo da abin da aka noma a inda ba a hana shi ba.

Wannan labari bai yi nisa da mu ba kamar yadda ake zato. Ƙananan ƙwarin nan masu tsalle da ke huhhuda ganyen kuɓewa da rama da yakuwa a gonakinmu da lambunanmu dangin ɗan-tsalle ne, yawancin magungunan feshin da ake sayarwa a kasuwanninmu kuma daga cikinsu akwai dangin wanda ya daina cinsa a Ingila. Ya kamata malaman gona da ɗaliban aikin gona su riƙa nuna wa manoma cewa a duba gona kafin a yi feshi, kada a dawwama kan magani iri ɗaya, kada kuma a yi watsi da haɗa shuka da sauya ta, waɗanda muka gada. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.