Idan Aka Jefar da Mudun JAMB, da Me Za a Auna Ɗan Bakin Ruwa?

Duk shekarar da sakamakon jarrabawar shiga manyan makarantu ya fito, sai an ji muryoyin masu kiran a soke ta, a bar kowace jami'a ta zaɓi ɗalibanta yadda ta ga dama. Kiran ya fi ƙarfi a 2025, lokacin da sama da ɗalibai miliyan 1.5 daga cikin kimanin miliyan 1.9 suka kasa kai wa maki 200 cikin 400. Daga baya hukumar JAMB ta amsa cewa an sami tangarɗar na'ura a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, har ta sake wa kusan mutum 380,000 jarrabawa. Tun daga nan wasu ke tambayar dalilin da zai sa makomar yaro ta rataya a kan zaman awa biyu a gaban kwamfuta.

Maganar ba sabuwa ba ce. An kafa JAMB a 1978 ne domin a kawo ƙarshen zamanin da kowace jami'a ke shirya tata jarrabawar, ɗalibi ɗaya ya sami gurbi uku, wani ya rasa ko ɗaya. A 2016 Ministan Ilimi Malam Adamu Adamu ya hana jami'o'i yin jarrabawar tantancewa ta biyu, a 2017 kuma aka dawo da ita. Mun daɗe muna kai da komo a kan ma'auni. Abin da ba mu cika yi ba shi ne mu tambayi wanda zai fi cutuwa idan aka ɗauke shi. Domin amsa wannan, ya kamata mu dubi ƙasar Yauri, inda kukan da ake yi da jarrabawar ya fi kowane wuri hujja.

Ɗauki yaron da ya tashi a Wara, hedikwatar Ngaski, ko a wani ƙauyen Shanga, ko a ɗaya daga cikin garuruwan da aka sake wa Gungawa matsuguni bayan madatsar ruwan Kainji ta cinye tsibiransu a 1968. Sau da yawa harshen gidansu Gunganci ne ko Kambarci, Hausa ta zo ta biyu, Turanci na uku, alhali Turanci ne darasin dole a jarrabawar. Tun 2015 aka mayar da ita kacokan kan kwamfuta, shi kuwa mai yiwuwa ranar jarrabawa ce ranar farko da zai zauna a gabanta da gaske. Abin takaici, ruwan da ke ba ƙasa wutar lantarki a bakin ƙofarsa yake, amma da fitilar hannu yake bita. Ga kuɗin rajista da na mota ko kwale-kwale, ga neman lambar shaidar ɗan ƙasa wadda ta zama wajibi tun 2021. A shekarar nan ta 2021 ne kuma, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, abin da ya sanyaya gwiwar iyaye da yawa, musamman na 'ya'ya mata. A ce wannan yaron zai yi tsere a layi ɗaya da ɗan makarantar kuɗi ta Abuja, lalle akwai abin dubawa.

To, amma idan aka cire makin, me zai maye gurbinsa? Abu na farko shi ne sakamakon WAEC da NECO. Kowa ya san labarin cibiyoyin da ake biyan kuɗi a fito da sakamako mai kyau ko da ɗalibi bai iya haɗa jimla ba, kuma ba ɗan masunci ne ke da kuɗin zuwa can ba. Abu na biyu shi ne ganawa da tantancewar da jami'a za ta shirya da kanta, wanda ke nufin ƙarin tafiya, ƙarin kuɗi, da ƙarin ƙofofin da wasiƙar babban mutum ke buɗewa. A kasuwar shinkafa ta Yelwa, idan mudu ya lotse gyara shi ake yi, domin ranar da aka ce babu mudu, mai ƙarfi ne zai auna da tafin hannunsa. Makin JAMB, duk da aibinsa, shi ne takarda ɗaya da ɗan talaka zai ɗaga ya ce an tsallake shi an ɗauki wanda bai kai shi ba.

Amurka ta riga mu gwada wannan hanya. A lokacin annobar korona, jami'o'inta da yawa sun daina wajabta jarrabawar SAT da ACT, Jami'ar Kalifoniya ma ta daina duba su gaba ɗaya. Hujjarsu ita ce makin yana bin arzikin iyaye. Ba a jima ba wasu manya suka juya. MIT ta dawo da sharaɗin a 2022, Dartmouth da Yale da Brown da Harvard suka bi sahu a 2024. Binciken da malaman Dartmouth suka yi ya nuna cewa 'ya'yan marasa ƙarfi sun riƙa ɓoye makinsu suna ganin bai kai ba, alhali da sun nuna shi, da ya taimake su, domin jami'ar na auna maki ne da irin makarantar da yaro ya fito. Da maki ya kau, sai aka koma ga rubutun gabatar da kai da shaidar malamai, waɗanda ɗan mai hali ya fi samun mai gyara masa su. An gudu daga gara, an faɗa wa zago.

Darasin da ke nan shi ne a riƙe makin, amma a koyi karanta shi. Maki 210 daga makarantar da ba ta da malamin lissafi yana faɗin abin da maki 250 daga makarantar kuɗi ba ya faɗa. Tsarinmu ya yarda da wannan tun tuni: jami'o'in tarayya na ware kashi 45 cikin ɗari ga cancanta, 35 ga yankin da ke kewaye da jami'a, 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya a ilimin zamani, Kebbi na cikinsu. Gurguncin tsarin shi ne ya tsaya a kan sunan jiha. Ɗan babban ma'aikaci da ya yi karatu a birni da ɗan manomin albasa na bakin kogi duk 'yan Kebbi ne a takarda, kuma ba sai an faɗi wanda zai riga wani ga wannan kason ba. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da ta jiha da ke Aliero, da ta aikin gona da ke Zuru suna iya duba ƙaramar hukuma da makarantar da ɗalibi ya fito, ba jiharsa kaɗai ba.

Sauran gyaran ba su fi ƙarfinmu ba. A samar da cibiyar jarrabawa mai wutar hasken rana a kowace daga cikin ƙananan hukumomin masarautar, a buɗe ta ga 'yan aji na ƙarshe tun farkon shekara, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A tsawaita wa'adin sakamakon ya wuce shekara ɗaya, kamar yadda aka sha kawo ƙuduri a Majalisar Tarayya, don kada uban da ya sayar da buhun shinkafa bana ya sake sayarwa baɗi. A kuma raya hanyar share fage ta IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, inda ɗalibi ke shiga aji na biyu na jami'a ba tare da makin jarrabawar ba. Kwalejin share fagen karatu da ke Yelwa ta cancanci a ɗauke ta da muhimmanci saboda wannan. Masarautar da sarkinta, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, ya taɓa shugabantar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ba ta rasa wanda ya san hanyar ba.

Masu kiran a soke jarrabawar tausayi ne ya motsa su, kuma ba a raina tausayi. Sai dai cire maki ba zai kai malamin kimiyya Shanga ba, ba zai kai littafi tsibiri ba. Abin da zai yi kawai shi ne ya ɓoye mana girman giɓin da ke tsakanin yaranmu. Gara mu gan shi a rubuce kowace shekara, ya dame mu, har mu tashi mu cike shi.