Icirnawa: Kiran waya ya koma data, amma ba kowa ke cin moriyarsa ba

A Icirnawa da ke yankin Matameye a jihar Damagaram, gidaje da dama na da ɗan uwa a Aljeriya, Libiya ko Kano. A da, gaisawa da su sai an sayi kati, a yi magana a gaggauce ana ƙirga mintuna.

Tsadar tana da dalili. A tsohon tsari, kamfanin waya kan keɓe wa kowane kira hanyarsa tun daga sallama har a kashe, ko da an yi shiru. Yanzu ana yayyanka murya zuwa ƙananan ƙunshi, su bi hanya ɗaya da hotuna da bidiyo, a sake harhaɗa su a wayar mai sauraro. Haka WhatsApp ke yi tun da ya fara kiran murya a 2015, kuma fasahar 4G kanta don data aka gina ta.

Shi ya sa Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecom suka dage wajen tallan data.

Sai dai a ƙauye lamarin bai kai yadda talla ke nunawa ba. Inda rezo ba shi da ƙarfi, ƙunshin kan makara ko ya ɓace, murya ta riƙa yankewa. Mafita ita ce saƙon murya, wanda ke jiran rezo, kuma ba ya buƙatar iya karatu.

Tsohuwa mai ƙaramar waya kuwa, har yanzu sai ta jira jikanta ya dawo da babbar waya, ko ɗanta ya biya kuɗin minti daga can.